Man Gyaɗan Goggo Dudu

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu ko an tuna mini ba na gane su, amma akwai wata Litinin ta watan Afrilu da har yau ban iya mantawa da ita ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in rataye farar rigar nan in tafi gida, shi zan ba ku, duk da cewa ba labarin da zan yi alfahari da shi ba ne.

Lokacin ina shekara ta huɗu a ɗakin gwajinmu na Jimeta, ina matsayin mai gwaji mai daraja ta biyu. Ma'anar wannan matsayi ita ce ina iya yin gwaji da hannuna, in rubuta abin da na gani a littafi, amma ba ni da ikon fitar da sakamako. Sai shugaban sashe ya duba littafin, ya sa hannu, sannan takarda ta fita. Shugabanmu Malam Hammanjoda ne, ɗan cikin garin Yola, mutum mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba. Yawancin aikinmu man girki ne: man gyaɗa, manja, man riɗi, man angurya. Ana kawo mana mu duba ko ya lalace, ko an gauraya shi da wani abu.

A safiyar nan Malam Hammanjoda ya tafi Ngurore karɓo samfurin gyaɗa daga manoma, abokin aikina kuma yana hutu. Ni kaɗai ce a ɗakin. Babu wuta tun ranar Alhamis, fanka ba ta motsi, zafi kuwa tun ƙarfe tara ya fara jiƙa mini riga.

Wajen ƙarfe goma keke napep ya tsaya a bakin ƙofa, wani duba-gari da na sani, Malam Sa'idu, ya shigo da sauri riƙe da gorar roba cike da mai. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Madam Rifkatu, ina Oga?"

Na ce ya tafi Ngurore, sai da yamma.

Ya dafa tebur ya ba ni labari. Jiya Lahadi an yi suna a unguwar Makama, cikin garin Yola. An soya masa da nama, an yi yaji, mutane sun ci sun watse lafiya. Kafin magariba aka fara amai da gudawa gida-gida, da murɗar ciki mai tsanani. Manya da yawa sun ji sauƙi zuwa safe, amma yara bakwai suna kwance a asibiti ana yi musu ƙarin ruwa. Likita ya ce alamun ba su yi kama da na maganin ƙwari irin fiya-fiya ba, ba su kuma yi kama da kwalara ba, yana so ya san abin da ke cikin abincin kafin ya san inda zai dosa. Kowa kuma ya nuna mai da yatsa, domin masu girkin sun ce ya fi na kullum kauri. Wata dattijuwa ce ta kawo shi, Goggo Dudu, wadda ta fi shekara talatin tana matse man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwar.

Na ce masa zan fara gwaji yanzu, amma sakamako ba zai fita ba sai Oga ya dawo ya sa hannu.

Ya ce, "Madam, 'yar ƙanwata tana cikin su. Fa'iza. Shekararta biyar. Da na baro ta ko kuka ba ta iya yi."

A ƙa'ida, wanda ya kawo samfuri yana cike takarda ne ya koma benci a waje. Ranar nan ban iya ce masa ya fita ba. Na ba shi kujera a gefen taga, na sa safar hannu na fara.

Na rubuta lambar samfuri, na duba launi, na shinshina. Ƙamshin soyayyar gyaɗa ne, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da ban gane ba. Da na karkatar da kwalba, man ya gangaro a hankali kamar zuma. A shekarun nan ana yawan jita-jitar cewa wasu marasa tsoron Allah suna haɗa man girki da man inji ko man taransifoma, domin haka zuciyata ta tafi can kai tsaye.

Gwajin man inji ba shi da wuya, bari in bayyana shi saboda waɗanda ba 'yan aikinmu ba. Duk man da ya fito daga tsiro, idan aka dafa shi da soda mai ƙarfi yakan koma sabulu. Man inji daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, ba ya komawa sabulu ko an kwana ana dafa shi. Saboda haka sai a ɗebi mai kaɗan, a zuba masa fotash, ɗan'uwan sodar sabulu, wanda aka narka a cikin sifirit, a dafa a tukunyar ruwan zafi. Bayan ya dahu sai a zuba tataccen ruwa mai zafi. Idan man tsiro ne zalla, kwalbar za ta tsaya garau. Idan akwai man inji, za ta yi fari kamar an ɗiga madara.

Tataccen ruwa kuwa shi ne wanda aka tafasa aka tara tururinsa, ba shi da gishirin ƙasa ko kaɗan. Muna da manyan tuluna biyu na roba iri ɗaya a ƙarƙashin tebur, ɗaya na tataccen ruwa, ɗaya na ruwan bohol da muke wanke kwalabe da shi. Sannan akwai doka guda da kowane ɗalibi ya sani tun shekarar farko: ba a yin gwaji da kwalba ɗaya. Dole a jera ta biyu a gefe, da man da aka tabbatar yana da kyau, a yi masa duk abin da aka yi wa na farko. Ita muke kira kwalbar shaida. Ita ce ke nuna ko sinadaranka da ruwanka da hannunka suna faɗin gaskiya.

Ban jera ta ba. Fotash ɗin da ya rage kaɗan ne, haɗa sabo zai ci lokaci, ga Malam Sa'idu wayarsa na ta ƙara yana kashewa. Na ce a raina in fara ganin wannan tukuna.

Na dafa, na jira, na ɗebo ruwa daga tulu na ɗumama, na zuba. Nan take kwalbar ta yi fari fat.

Na ajiye ta a kan tebur. Malam Sa'idu ya taso ya tsaya a bayana ya ce, "Mene ne wannan? Me ya nuna?"

Na ce, "Alamar man inji ce."

Kalma huɗu. Na ƙara da cewa ba sakamako ba ne tukuna, sai an tabbatar, amma ba na tsammanin ya ji ƙarshen maganar. Ya yi salati, ya fita waje da waya a kunne. Ta taga ina jin sa yana magana da Fulatanci, cikin maganar ina tsintar "man inji" da "Dudu". Ya leƙo ya ce zai je asibiti ya gaya wa likita, ya hau keke ya tafi.

Sai a lokacin na kira Malam Hammanjoda. Sau uku ina kira kafin ya shiga, muryarsa na yankewa. Na gaya masa komai a guje. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kwalbar shaida fa? Yaya ta fito?"

Na dubi kwalba ɗaya tilo da ke kan tebur.

Ya ce, "Rifkatu, kina ji na?"

Na ce, "Ban yi ba, Yallaɓai."

Ya ce, "Wa kika gaya wa?"

Na gaya masa. Ina jin kukan awaki a bayansa. Sannan ya ce, "Ki yi ta yanzu. Ga ni nan tafe." Ya kashe.

Na haɗa sabon fotash, na ɗauko man gyaɗan da muke ajiyewa a kabad, wanda mu da kanmu muka matse muka san ba shi da komai. Na dafa shi kamar na farko. Mintocin nan da nake tsaye gaban tukunya ina roƙon abu biyu masu karo da juna. Ina so kwalbar ta tsaya garau don kada ya zama na yi ƙarya, ina kuma tsoron ta tsaya garau, domin ke nan yara bakwai sun sha man inji.

Na zuba ruwa. Ta yi fari fat, irin na farko sak.

Na durƙusa na jawo tulunan biyu. Takardar da aka liƙa wa na tataccen ruwa zafi ya ɓamɓare ta, ta faɗi a tsakaninsu. Wanda na ɗiba daga ciki shi ne na ruwan bohol. Ruwan bohol ɗinmu yana da gishirin ƙasa da yawa, kun san yadda yake hana sabulu kumfa ya bar farin dauɗa a bokiti. Abin da na gani a kwalba ke nan. Sabulu ne ya gamu da ruwa mai nauyi. Ko man da uwata ta matse da hannunta na gwada da ruwan nan, fari zai yi.

Na sake duka biyun da ruwan ɗaya tulun. Kwalbar shaida garau. Man Goggo Dudu garau. Babu man inji a cikinsa ko ɗigo.

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Na lalubo waya na kira Malam Sa'idu, na ce, "Malam, kuskure na yi. Ba man inji ba ne. Don Allah ka janye maganar."

Ya ce, "Madam, wace magana kike yi?" A bayansa hayaniya ce kawai. Ya ce labari ya riga ya zagaye Makama. Matasa sun je sun rushe rumfar Goggo Dudu, sun farfasa jarkokinta a titi, wasu suna maganar fetur. Mai unguwa ne ya shiga tsakani, ya sa ta a mota ya kai ta ofishin 'yan sanda don kada a kashe ta. Yanzu 'ya'yanta da jikokinta suna kulle a cikin gida, mutane na tsaye a ƙofa.

Na ce, "Ka gaya musu ba shi ba ne!"

Ya ce, "To mene ne? In na ce ba man inji ba ne, za su tambaye ni mene ne. Me zan ce? Yara na kwance, Madam."

Na ce ya ba ni awa ɗaya, ya kuma gaya wa likita tun yanzu ya manta da maganar farko.

Ina gaya muku, a rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na wannan awa ba. Ina tunanin gidan da mutane suka kewaye, ina tunanin yarinyar da ba ta iya kuka, ga shi kuma duk abin da zai faru daga bakina ya fito. Sau biyu kwalba tana suɓuce mini. Na wanke fuska, na yi addu'a a tsaye, na ɗauko faranti.

Gwajin faranti ba ya buƙatar wutar lantarki, shi ya cece ni. Gilashi ne mai faɗin tafin hannu da aka shafe da wata farar hoda. Ana ɗiga mai ƙanƙani a kusa da gindinsa, a tsayar da shi a cikin kwalba mai murfi wadda ke da sinadari kaɗan a ƙasa. Sinadarin sai ya riƙa hawa farantin kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana jan abubuwan da ke cikin man. Kowane abu da irin tafiyarsa: wani ya yi nisa, wani ya tsaya a tsakiya, wani da ƙyar yake barin gindi. Idan ya bushe sai a sa shi cikin tururin aidin, kowane abu ya fito a matsayin tabo mai ruwan ƙasa a inda ya tsaya. Man inji can ƙololuwa yake tafiya. Man gyaɗa yana tsayawa ƙasa da nan.

Wannan karon na ɗiga uku a jere: man kabad, man Goggo Dudu, da man inji na gaske. Na rufe kwalba na tsaya ina kallon layin jiƙa yana hawa. Ba a iya hanzarta shi. In ka girgiza kwalba ka ɓata komai.

Da tabo suka fito, na man inji yana can sama shi kaɗai. Man kabad da na Goggo Dudu sun yi babban tabo a wuri ɗaya, wato gyaɗa ce. Amma a layin Goggo Dudu akwai wani tabo na biyu, babba, mai duhu, can ƙasa kusa da gindi, inda man kabad ba shi da komai sai 'yar inuwa.

Na san na taɓa ganin tabo a wurin nan, a makaranta. Akwai man tsiro guda mai kauri wanda ke manne wa hodar ya ƙi tafiya. Na buɗe kabad ɗin samfura na bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya har na kai ga ta man zurma. Na shirya sabon faranti, na ɗiga shi kusa da na Goggo Dudu, na sake jira.

Ina cikin jiran nan na ji babur ya tsaya. Malam Hammanjoda ya shigo da jar ƙasa har gwiwar wandonsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya wanke hannu, ya karanta littafina daga sama har ƙasa, ya duba kwalabe huɗun da na jera, sannan ya zo ya tsaya kusa da ni. Tare muka ga tabon man zurma ya fito daidai da baƙon tabon, tsayi ɗaya, siffa ɗaya.

Ya ce, "Tabbatar da shi ta wata hanya."

Na zuba man a sifirit na girgiza. Man gyaɗa ba ya narkewa a sifirit, kwanciya yake yi a ƙasa, man zurma kuwa narkewa yake yi. Na man kabad ya kwanta kusan duka. Na Goggo Dudu ya ragu sosai, da na tsiyaye sifirit ɗin na busar, sai ga mai mai yauƙi ya rage a gindin kwano.

Na ce, "Zurma ce, Yallaɓai." Har na ji sanyi a raina, domin man zurma an san shi, gudawa yake sa wa ya wuce.

Na kalli fuskarsa na ga babu sanyi a cikinta. Ya ce, "Matar nan da hannu take matse mai?"

Na ce haka aka ce, tana yin ƙuli-ƙuli ma.

Ya ce, "In man aka zuba mata a jarka, da sauƙi. In kuwa ƙwayar ce aka niƙa tare da gyaɗa, to dafin ba a mai yake ba, a tunkuza yake. Ina ƙulin ya tafi?"

Sai na tuna Malam Sa'idu ya ce an yi yaji a gidan sunan, yajin nama kuwa da garin ƙuli ake yin sa. Ƙwayar zurma tana da dafi mai kisa wanda ba ya bin mai, yana zama a cikin abin da ya rage bayan matsa. Na ce ai zafin suya yana karya shi. Ya ce yana karya shi in ya ratsa ko'ina, amma shi ba zai rantse cewa ya ratsa tsakiyar kowane ƙuli ba.

A tsaye ya rubuta sakamakon wucin gadi ya sa hannu. Ya kira likitan da kansa, ya ce kada a sallami yaro ko ɗaya ko da ya ga ya warware, domin dafin nan yakan yi shiru kwana biyu ko uku sannan ya taɓa hanta da ƙoda. Daga nan ya ce in ɗauko faranti in biyo shi.

Muka bar Jimeta muka nufi Yola a keke, ina rungume da gilashin a cikin kwali. A ofishin 'yan sanda muka sami Goggo Dudu zaune a kan benci, 'yar ƙaramar tsohuwa, mayafinta ya yage a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya. Malam Hammanjoda ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta da Fulatanci kamar yadda ake gaida uwa. Suka yi magana a hankali, yana juya mini da Hausa. Ta ce ranar Alhamis ta kai soyayyar gyaɗarta inji, ta bar ta a layi ta tafi gaisuwar mutuwa. Da ta dawo ta tarar an niƙa, ta ga kamar ta fi yadda ta saba yawa, ta ce albarka ce ta ɗauka. Ƙulin kuwa, ban da na gidan suna, ta ba wani mai tsire, ta ba mata biyu masu sayarwa a ƙofar makarantar firamare.

Na dubi agogon bango. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce. Yara sun riga sun yi hutun tara, sun kusa tashi.

Abin da ya biyo baya gudu ne kawai. Mai unguwa ya aika mutane makarantar, ya sa aka yi shela a lasifikar masallaci bayan Azahar cewa duk wanda ke da ƙulin Goggo Dudu ko manta kada ya ci, ya kawo ƙofar gidansa. Ni da Malam Sa'idu muka je wurin matan. Ta farko ba ta fito da nata ba tukuna, tana ƙarar da tsohon da ke hannunta. Ta biyu ta buɗe robar a ranar, ta ce ta sayar da kamar goma sha biyar lokacin tara. Shugabar makarantar ta bi aji-aji tana tambayar wanda ya ci ƙuli yau, yara suna ɗaga hannu suna dariya, ba su san abin da ake ciki ba. Aka kwashe su aka kai asibiti. Mai tsiren shi ma aka same shi yana shirin daka yajin yamma.

Mai injin niƙan, da Malam Hammanjoda da mai unguwa suka je masa, bai yi musu ba. Ya ce wata mai yin sabulu ta kawo ɓararriyar zurma a kwano irin na Goggo Dudu, ta ajiye kusa da nata. Zurma in an ɓare ta fara ce sol, kamar gyaɗar da aka murje. Ya ɗauka duk na mutum ɗaya ne ya juye su tare. Da mai sabulun ta dawo ya gane abin da ya yi, tsoro ya hana shi faɗa, ya ce mata kayanta sun zube.

Kwana uku na yi ba na iya cin abincin kirki. Daga cikin 'yan makarantar, huɗu sun yi amai da gudawa, sauran ba abin da ya same su. Yaran gidan suna an sallame su ɗaya bayan ɗaya. Fa'iza ce ta daɗe, fitsarinta ya tsaya a kwana na biyu, likitan ya ce da an sallame ta ranar Litinin kamar yadda iyayenta suka so, da wani labarin ake yi. Sai a kwana na goma sha ɗaya ta koma gida da ƙafarta.

Ni kuma aka ba ni takardar tuhuma, na amsa laifi biyu: yin gwaji babu kwalbar shaida, da furta sakamako ba da izini ba. An jinkirta mini ƙarin girma na shekara guda. Malam Hammanjoda bai taɓa tayar mini da maganar ba. Abu ɗaya ya ce, ranar da na miƙa masa amsar takardar: "Akwai wadda ya kamata ki je ki gani."

Na je ranar Asabar. Na sami Goggo Dudu a tsakar gida tana tsince shinkafa, karyayyun itatuwan rumfarta na jingine a bango. Na cire takalmi na durƙusa, na ce, "Goggo, ni ce ma'aikaciyar da ta gwada manki."

Ta dube ni da kyau. Hausarta irin ta tsofaffin cikin gari ce, ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Ke ne ya ce man inji?"

Na ce, "Ni ce, Goggo."

"Ke ne kuma ya ce ba shi ba?"

"Ni ce."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Na farko ya shiga kowane gida, ɓingel am, 'yata. Na biyu har yanzu yana hanya."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi, sannan ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce ta yafe, yara sun rayu, shi ke nan. Amma ba ta sake matse mai ba. An yi shela sau biyu cewa ba ta da laifi, duk da haka bayan shekaru na ji wata mata a kasuwar Jimeta tana kwatanta wani gida a Makama da cewa kusa da gidan mai man inji. Lokacin Goggo Dudu ta riga ta rasu.

Ga abin da na koya, ku da za ku gaje mu. Sinadari ba ya ƙarya, amma abin da ka zuba masa kawai yake amsawa, bai san ko ka ɗebo daga tulun da ba shi ba. Wanda ya kawo samfuri kuma ba tabo ko launi yake jira ba, sunan mutum yake jira, kuma duk abin da mai farar riga ya furta, a waje hukunci ne. Ranar da aka fi matsa maka ka yi sauri, ranar da ka fi jin tausayin mai jira, ita ce ranar da ka fi buƙatar kwalba ta biyu. Na san wasunku suna cewa Madam Rifkatu ba ta da tausayi, tana barin uwa ta zauna a benci a waje tana kuka ba ta gaya mata komai. Ina jin kukan. Na taɓa buɗe baki saboda tausayi sau ɗaya, wata tsohuwa ta biya har ƙarshen ranta.